Zoben kilomita 5 mai kusurwa: abin da aikin taswira ke koyarwa a Damagaram

Duk wanda ya taɓa aikin taswirar kiwon lafiya a Damagaram ya san tambayar da ake fara yi masa: ƙauyuka nawa ne ke cikin kilomita 5 daga cibiyar kiwon lafiya (CSI) mafi kusa? Amsar tana fitowa ne daga zoben da QGIS, manhajar zana taswira, ke zagaye ɗigon kowane asibiti da shi, wanda masu aiki da shi cikin Faransanci ke kira tampon. Sau da yawa zoben kan fito da kusurwoyi kamar an yanke shi da almakashi, sai a ɗauka maganar kyau ce kawai. Alhali lissafin kansa ne ke taɓuwa.

QGIS ba da'ira ta gaskiya yake zanawa ba, gajerun layuka miƙaƙƙu yake jerawa. A akwatin Segments za ka tarar da 5, ma'ana layi 5 a kowane kwata, gefe 20 ke nan a duk zoben. Kusurwoyin ne kaɗai ke kaiwa mita 5,000 cif, tsakiyar kowane gefe kuwa tana shigowa ciki da kusan mita 62. Ƙauyen da ke mita 4,960 daga asibiti yana iya faɗawa waje, a rubuta mutanensa cikin waɗanda ba su da asibiti kusa. Faɗin fili ma yana raguwa da kashi 1.6 cikin ɗari, sama da murabba'in kilomita ɗaya a kowane zobe. Ka sa 16 a Segments, giɓin ya koma mita 6. Ka sa 36, ya koma mita ɗaya da ɗan abu, kuma a ganina nan ya kamata a tsaya. Wuce haka nauyi kawai kake ƙara wa fayil, kwamfuta ta riƙa jan ƙafa in ɗigon sun kai dubbai. Zoben mita 500 na kewayen famfo a Birni ko Zango ba ya bukatar wannan duka, 16 ta wadatar.

Amma kafin a kai ga Segments akwai abin da ya fi shi ɓarna. Ɗigon da aka ɗauko da GPS ko waya yawanci a tsarin auna wuri mai lamba EPSG:4326 suke zuwa, ma'auninsu digiri ne, ba mita ba. Ka rubuta 5000 a haka, zoben ya haɗiye duniya. Wasu kan yi dabarar rubuta 0.045, amma a nan wajenmu digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 110 da rabi ne, daga gabas zuwa yamma kuma kusan 108, don haka zoben ba zai yi daidai ta kowane ɓangare ba. Mafita ita ce a fara mayar da ɗigon zuwa tsarin UTM mai auna mita, shiyya ta 32 ta arewa, EPSG:32632, da umarnin Reprojeter une couche na QGIS. Canza tsarin da taswira ke nunawa a allo bai isa ba, sai an fitar da sabon fayil. Mu Zinder mun yi dace, garin yana dab da digiri 9 gabas, tsakiyar shiyyar ke nan, kuskuren bai wuce mita 2 a kilomita 5 ba. Fayil ɗin da ya zo daga Yamai kuwa a duba shi da kyau, can shiyya ta 31 ce.

EPSG:3857 na taswirorin intanet shi ya fi yaudara, don da mita yake aunawa. A nan yana kumbura nisa da kusan kashi 3 cikin ɗari, zoben 5,000 ya zama kusan mita 4,860 a ƙasa.

Inda asibitoci biyu ke kusa, kamar cikin gari ko wajajen Mirriya da Magarya masu yawan jama'a, zobba kan hau juna. A narkar da su su zama fili ɗaya kafin a ƙirga ƙauyuka, in ba haka ba ƙauye ɗaya zai shiga lissafi sau biyu. In kuma ana son sanin nauyin kowane CSI daban, a bar su a rabe, a ajiye narkakken a fayil na biyu.