Godiya ga waɗanda suka dawo mana da kiɗan tsofaffin wasanni a DOSBox

Assalamu alaikum. A madadin mu masu adana tsofaffin wasannin kwamfuta na zamanin DOS, muna miƙa godiya ga malamai da 'yan'uwan da suka tsaya mana har aka shawo kan matsalar da ta addabi jama'a: wasa ya tashi lafiya a DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfutar DOS a kan ta zamani, ana jin harbi da takun ƙafa, amma kiɗa shiru. Allah ya saka da alheri. Ba za mu kama suna ba, kowa ya san abin da ya kawo, kuma za mu faɗe shi dalla-dalla don na baya su amfana.

Godiya ta farko ga Baba, dattijon da ya daɗe yana gyaran kwamfuta tun ana haɗa ta da hannu. Shi ya ce a daina taɓa saitin Sound Blaster, katin sautin da DOSBox yake kwaikwaya, domin an bar jaki ana dukan taiki. In ƙarar bindiga tana fita, to lambobin saitin katin, wato 220 da IRQ 7 da DMA 1, suna nan daidai. Wasanni irin su Quake da Tomb Raider na 1996 ba a cikin fayil suka ajiye kiɗansu ba. Faifansu na CD gauraye ne: tirak na 1 bayanan wasa, daga na 2 zuwa sama kuma kiɗa ne zalla irin na faifan waƙa, 44,100 Hz, bit 16, sitiriyo. A Quake kiɗan yana daga tirak na 2 zuwa na 11. A wancan lokacin na'urar karanta faifai ce da kanta take kaɗa shi, ta turo shi ta wata siririyar waya mai fil huɗu zuwa katin sauti. Wasan umarni kawai yake bayarwa ta hanyar MSCDEX, manhajar da ke haɗa DOS da na'urar faifai, ya ce a kunna tirak kaza. Na'urorin yanzu masu USB ba su da wannan waya sam. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Daga nan sai Malama, wadda ta gano cewa yawancin masu kuka kwafin faifai irin na ISO ne a hannunsu. ISO tirak na farko kaɗai yake ɗauka, bayit 2,048 a kowace sakta (ɗan yankin faifai), ya bar kiɗan a kan faifai. Babu saitin da zai fito da abin da ba a kwaso ba. Abin da ake buƙata shi ne tagwayen BIN da CUE: BIN yana ɗauke da faifan ɗungurungum, bayit 2,352 a kowace sakta, shi kuma CUE ɗan ƙaramin rubutu ne mai nuna inda kowane tirak ya fara. A Windows, manhajar ImgBurn tana fitar da su idan faifan mai tirak da yawa ne. Ta kuma ba mu ma'auni mai sauƙi. Sakta 75 ake karantawa a daƙiƙa, wato bayit 176,400, kusan megabayit 10 ke nan a minti ɗaya. Saboda haka wasan da aka san yana da kiɗa na kusan awa guda, in ka ga kwafinsa ɗan mitsitsi ne, kada ka wahalar da kanka, a koma a sake kwafa.

Kwafi mai kyau ma yana iya yin shiru idan an ɗora shi ba daidai ba, kuma a nan ƙanenmu ɗalibi ya yi ƙoƙari. Wasu suna kwashe fayilolin faifai su zuba a folda, su rubuta umarnin mount d tare da -t cdrom don ɗora foldar a matsayin faifan D. Wasan zai yarda faifai ne, amma folda ba ta da tirak. Wasu kuma suna nuna wa DOSBox fayil ɗin BIN kai tsaye. Daidai shi ne a nuna masa CUE: imgmount d wasa.cue -t iso. Harafin ma yana da muhimmanci. In a D aka girka wasan, a D zai riƙa neman faifansa, kuma kada a ɗora wani faifan a gabansa, don wasanni da dama na farko kawai suke dubawa. Mai faifai biyu ya jera CUE ɗinsu a umarni ɗaya, ya riƙa sauyawa da Ctrl da F4. Wanda ya sayi wasansa a GOG, shagon wasanni na intanet, kuma ya duba foldar, sau da yawa game.gog shi ne BIN, game.ins kuma shi ne CUE da aka sauya wa suna.

Shi kansa CUE a buɗe shi da Notepad a karanta, ba ya cizo. Layin FILE dole ya zo daidai da sunan BIN ɗin da ke kusa da shi. Mutum yakan sauya sunan BIN don foldarsa ta yi kyan gani, ya manta CUE yana kiran tsohon suna. A Linux ko babban harafi da ƙarami suka saɓa, magana ta ɓaci. Tirak na farko yawanci MODE1/2352 ne, sauran kuma AUDIO. Idan kiɗa yana tashi amma ya yanke kansa, ko wutsiyar wani tirak tana shiga na gaba, a duba giɓin daƙiƙa biyu da ke tsakanin bayanai da kiɗa, wato sakta 150. Ko dai giɓin yana cikin BIN kuma layin INDEX 00 na CUE ya nuna shi, ko babu shi a ciki kuma layin PREGAP 00:02:00 ya cike gurbinsa. In aka rikita biyun, lissafin duk tirak ɗin da ke biye sai ya goce.

Godiya ta musamman ga ɗan'uwanmu mai Linux, wanda ya warware mafi ban haushi a cikinsu: maimakon kiɗa sai ka ji shuuu mai tsaga kunne. Ba lasifika ba ce, ba kuma faifan ne ya karce ba. Kowane samfurin sauti bayit biyu ne, kuma cdrdao, shirin kwafar faifai a Linux, yana rubuta su a juye da yadda DOSBox yake tsammani. Maganinsa a sake kwafa tare da --driver generic-mmc:0x20000, sannan a mayar da fayil ɗin TOC da cdrdao yake fitarwa zuwa CUE da toc2cue. A rage murya kafin gwaji, musamman mai sanye da abin kunne.

Sauran ƙanana ne. A rubuta mixer a cikin DOSBox a ga ko CDAUDIO, wato ƙarar kiɗan faifai, yana ƙasa, a ɗaga shi da mixer cdaudio 100:100. A Quake ana buɗe wurin umarni a rubuta cd info don ganin yawan tirak, sai cd play 2 don gwaji, a kuma tabbatar bgmvolume, wato ƙarar kiɗan wasan, ba sifili ba ne. In kiɗa yana sarƙewa, a ɗaga blocksize a fayil ɗin saitin DOSBox daga 1024 zuwa 2048, ko a rage gudun kwaikwayon da Ctrl da F11. Mai son amfani da faifai na gaske a DOSBox 0.74 kan Windows ya ƙara -ioctl_dx a umarnin mount, don a ɗebo sautin ta hanyar bayanai tunda wayar nan babu ita. A ganinmu dai kwafi ya fi, ko don faifan da ya haura shekara ashirin ya huta. Wanda wuri ya yi masa kaɗan yana iya matse tirak ɗin zuwa FLAC ko OGG ya gyara CUE, amma ya koma DOSBox Staging, wani sabon reshe na DOSBox, domin ba kowane gini na tsohon 0.74 ne yake karanta su ba.

Muna kuma gode wa iyaye da yayyen da suka buɗe akwatuna suka ara mana faya-fayansu na asali aka gwada, da ɗan'uwan da ya kawo na'urar karanta faifai mai USB. Duk wanda faifan aro yake hannunsa, don Allah ya goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba, ya sa shi a gidansa ya mayar wa mai shi. Mun gode, Allah ya bar zumunci.