Ilang-ilang a turaren wuta: sai da na koma lamba uku ya tsaya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu haɗa turare. Jiya da daddare na buɗe kwalbar sandal ɗin da na rufe tun kafin azumi, na ɗora 'yan ƙwayoyi a kasko, kuma alhamdu lillahi ƙamshin ilang-ilang, wani man turare da ake tatsa daga furen bishiya, ya fito. Da safen nan ma yana nan a labule da abayar da na rataya. Ni kaɗai na san abin da man nan ya ci mini kafin mu zo nan.

Na fara ne da wanda aka rubuta wa Extra a jiki, wanda kowa ke cewa shi ne sarki a cikin kalolin man ilang-ilang. Wani shago a Balad, nan Jidda, na saye shi, 'yar kwalbar mil 10 a kan riyal 120, kuma har yau in na tuna sai na ji a ƙirjina. A kwalba babu abin da za ki ce masa: zaƙi, ɗan ƙamshin ayaba nunanniya, da wani sanyi kamar na yasmin. Na narka sukarina, na juya itace, na sauke, ya huce, na zuba shi tare da madarar sandaliyya. Ana ɗorawa a garwashi sai wani kaifi ya bugi hanci, irin warin ɗakin magani, kafin ki ce me ya wuce, ya bar ki da ƙaurin sukari. Kuɗina ne ke tashi sama ina kallo.

Babu dabarar da ban yi ba. Na rage sukari. Na rufe garwashi da toka don wutar ta yi laushi. Na bar wani kason ya daɗe yana tsumuwa a cikin kabad, nesa da zafin kicin. Na ƙara yawan man, abin ya ƙara muni, har maigidan ya ce kansa na sarawa, in fita da kaskon baranda. A kaskon lantarki ne kawai ya ɗan nuna kansa, to amma mutanenmu wa zai bar gawayi? Duk wadda ta sayi turare a hannuna garwashi za ta ɗora shi.

Maƙwabciyata ce ta karya mini abin, wata dattijuwa Bahaushiyar Mai Wurno ta Sudan, wadda hannunta a humra ba a magana. Ta shinshina kwalbar sau ɗaya ta miƙo mini. "'Yata, wannan na jiki ne, ba na wuta ba. Je ki nemo mai nauyinsa." Na ce, "Hajiya, ai duk mai ɗaya ne." Ta ce in dai koma in tambaya.

Ashe fure ɗaya ne, amma mai kala-kala ake fitarwa daga tukunya ɗaya. Ana tsinko furen da sassafe, bayan ya rine daga kore zuwa ruwan ɗorawa, a zuba a tukunyar tatsa tun bai yi yaushi ba, a sakar masa tururi. Tatsar kan ja sa'o'i da yawa, har ta kusa kai kwana guda, kuma ba a haɗa abin da ya ɗigo wuri ɗaya. Na farkon fitowa shi ne Extra, sai a sauya mazubi a tari lamba ɗaya, sai biyu, sai uku a ƙarshe. Sinadaran da ba su da nauyi su ne ke rigan fita, su ne masu wannan zaƙin da kaifin. Masu nauyi, masu ƙamshin itace da ɗan ɗumi, sai wuta ta daɗe suke biyowa. To abin da tururi ya kora cikin sa'ar farko, me zai hana garwashi ya kore shi nan take? Akwai kuma wanda ake kira cikakke, wanda ba a raba shi ba. Kusan kilo 50 na fure ake tatsa kafin a sami kilo ɗaya na mai, don haka tsadar ba zalunci ba ce gaba ɗaya.

Extra ɗin yana da masu shi: manyan gidajen turaren Faransa. Chanel No. 5 da ya fito a 1921 ilang-ilang na cikin ginshiƙansa. Bishiyar kuwa asalinta can kudu maso gabashin Asiya ne, Filifin da Indonusiya, kuma a Manila aka fara tatsar man don kasuwa wajen 1860. Daga baya Faransawa suka yaɗa noman a tsibiran tekun Indiya, Riyuniyon da Komoros da Nosi Be ta Madagaska, har kasuwar ta koma can. Shi ya sa in kika tambayi mai shago a nan zai ce miki daga Juzurul Ƙamar yake, wato Komoros da Larabci. A Indonusiya har kan gadon amarya ake baza furen, kin ga ba mu muka fara haɗa shi da sha'anin aure ba.

Lamba uku bai kai rabin kuɗin Extra ba, kuma a kwalba ba zai burge ki ba, ƙamshinsa a kwance yake. Masu sabulu ne ma suka fi sayensa. Amma a itace ya kama sandal ya riƙe. Yadda na yi: sai da itacen ya huce sarai, na fara zuba madarar sandaliyya ta shiga jikinsa, washegari na bi da lamba uku, kashi ɗaya nasa kashi huɗu na sauran madarar. Ban sa miski da yawa ba don yana danne shi. A makon farko kada ki yanke masa hukunci, ɗanye yake ji. Sai ya tsumu zaƙin furen ke tasowa daga ƙarƙashin itacen.

Ki duba takardar jikin kwalba da kyau. Akwai man kananga na Jawa, danginsa ne na kusa, ya fi araha, ƙamshinsa ya fi kaushi, kuma wasu na miƙo shi da sunan ilang-ilang. Kwalbar da ba ta faɗi lamba ba, ni na daina saye.

Ragowar Extra ɗin humra na kai shi, can ne gidansa. Ɗigo kaɗan a kan farcen humra da sandal ya ɗaga ta sosai. Sai dai mai ne da kan yi wa wasu ƙaiƙayi da jan fata, don haka a duk abin da zai taɓa jiki ba na kai shi kashi 1 cikin 100, kuma ba a shafa shi tsagwaronsa.

Inda na maƙale yanzu shi ne turaren fesawa. Na so in sa lamba uku a ciki don ya daɗe a tufafi, amma da ya haɗu da sifirit ɗin da nake da shi sai ruwan ya yi gajimare, ya ƙi washewa ko da na tace. Zargina sifirit ɗin ne ke da ruwa a ciki, tunda masu nauyin nan ba sa narkewa sai a sifirit mai ƙarfi. Wadda ta san inda ake samun mai ƙarfin a Jidda ko Makka ba sai an sayi jarka guda ba, don Allah ta taimaka mini. Kafin nan na jiƙa gajiji da lamba uku, ban san ko ɗacinsa zai bar furen ya yi magana ba.