Yadda na zaɓi na'urar da ke mayar da 4–20 mA zuwa bugu don ƙidayar ruwa

Mitar ruwan da ke kan bututun burtsatse a masana'antar da nake aiki a Sharaɗa, Kano, tsohuwa ce amma lafiyarta ƙalau. Gudun ruwa kawai take faɗa, ta hanyar ƙarfin wutar da take turowa a waya, wanda ake aunawa da miliamfiya (mA): idan ruwa ya tsaya cik ta ba da 4 mA, idan ya kai ƙarshen ma'auninta, wato lita 60,000 a awa, ta ba da 20. Shi kuwa manaja ba ruwansa da gudu, so yake a ce masa lita nawa aka sha daga safe zuwa dare. Na'urar ƙidaya kuma bugu take ƙirgawa, wato ɗan ƙiftawar wuta, ɗaya bayan ɗaya. Dole ke nan a sa kwanbata a tsakani, wato na'urar da ke mayar da siginar mitar zuwa bugu, ta riƙa tara gudun, duk sanda adadi ya cika ta saki bugu guda.

Kafin in nemi farashi, takarda da biro na ɗauka. Bugu ɗaya lita nawa zai wakilta? Idan na ce lita ɗaya, to a cikakken gudu za a samu bugu 60,000 a awa, kusan 17 a daƙiƙa. Na'urar ƙidayarmu irin mai juya lambobin nan ce da ake jin ƙarar ta, ba za ta iya bin wannan sauri ba, tsallake za ta riƙa yi. Sai na tsaya a kan lita 100: bugu 600 a awa, ɗaya duk daƙiƙa shida. Na kuma nemi wadda ake iya saita tsawon bugunta, na sa shi milisakan 100, don gajeren bugu yakan wuce kafin lamba ta motsa.

Daga nan sai irin mafitar da bugun zai fito ta cikinta. Wani mai shago ya matsa mini in ɗauki mai rile, wato makunnin da ke haɗa baki ya buɗe da kansa, wai ta fi sauƙin haɗawa. Gaskiya ne, amma bugu 600 a awa, dare da rana, ya haura miliyan biyar a shekara, kuma bakin rile ƙarfe ne, cinyewa yake yi. Mai tiransisto na ɗauka, makunnin da ba shi da bakin da ke motsi. A nan a kula sosai, tiransisto iri biyu ne, akwai NPN akwai PNP, kuma abin da zai karɓi bugun ne ke yanke hukunci. A fara duba shi tukuna.

Inda na fi daɗewa shi ne ƙasan ma'auni, don a nan lissafi ke lalacewa ba a sani ba. Da aka kashe famfo na ɗora mitar auna wuta a kan layin, sai na ga 4.08 mA maimakon 4.00. A ido ba komai ba ne. Amma 0.08 cikin tazarar 16 da ke tsakanin 4 da 20 rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, wato lita 300 a awa. Awa goma na dare, an rubuta lita 3,000 da ko ɗigo bai bi bututun ba, kuma gobe wani za a tuhuma da ɓarnar ruwa. Saboda haka duk kwanbatar da ba ta da wurin yanke ƙaramin gudu, na ajiye ta gefe komai arharta. Tawa na saita ta yi shiru ƙasa da 4.32 mA, kashi biyu cikin ɗari ke nan. Na so kuma ta gane tsinkewar waya: a NAMUR NE 43, ƙa'idar da masana'antu ke bi kan siginar 4–20 mA, siginar da ta faɗi zuwa 3.6 mA ko ƙasa alamar matsala ce, ba rashin ruwa ba.

Wanda mitarsa ke auna bambancin matsi, ya san cewa idan gudu ya ninka biyu matsin ninka huɗu yake yi. Ya tabbatar an gyara wannan lissafi sau ɗaya tak, ko a mitar ko a kwanbatar. Tamu ba irin wannan ba ce.

Sauran sharuɗɗan muhallinmu ne ya kawo su. Muna sauyawa tsakanin wutar gari da janareta kullum, ga wayar ta biyo kusa da injinan famfo, don haka na dage sai wadda layin shigarta a rabe yake da na fita da na wuta. Na duba zafin da take jurewa, domin akwatin ƙarfe a watan Afrilu ba wasa ba ne. Na duba nauyin da za ta ƙara wa layin mai bolt 24, tunda akwai allon nuni a kansa tun da can.

Ranar haɗawa na cire mitar daga layi, na tura 12 mA da na'urar gwaji, rabin gudu ke nan, lita 30,000 a awa. Cikin minti goma ya kamata in ga bugu 50. Na riƙe agogo, yaron aikina yana kallon lambobi, hamsin cif suka fito. Muka sake a 20 mA, muka samu 100, sannan na sauke zuwa 4.2 mA muka jira rabin awa lamba ba ta motsa ba.