Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Shekarun da Dala Ta Sauka

A makon da ya gabata na tsaya ne a kan dawowar mahaifina daga aikin Hajji a shekarar 1970, ranar da mutanen unguwarmu suka fita har tashar jirgin ƙasa suka tarye shi, aka rako shi gida ana ta yi masa barka da sauka. A wannan makon zan ba da labarin shekaru biyar da suka biyo baya, waɗanda a cikinsu na ga yadda gida yake cika da jama'a da kuma yadda yake komawa shiru, alhali kuwa maigidan bai sauya hali ba.

Garinmu Malam Madori yana kusa da Haɗeja, a kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru, wanda aka kammala a 1930. A lokacin da nake ba da labari muna cikin Jihar Kano ne, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Wanda bai san garin ba a wancan zamani zai yi wuya ya yarda cewa matafiyi yakan hango dalar gyaɗa tun kafin ya hango rufin gidaje. Da kaka, da zarar an buɗe ciniki, sai jakuna da raƙuma da manyan motoci su yi ta shigowa daga ƙauyuka, a auna gyaɗa a sikeli, malaman duba amfanin gona su soka buhu su ga ko da tsakuwa ko danshi a ciki, a ɗinke, sannan 'yan dako su ɗauka su nufi fili. Buhu 13 ne ke yin tan ɗaya, babbar dala kuwa takan ci buhu kusan 15,000. Ana fara shimfiɗa ta da faɗi a ƙasa, kowane layi na sama ya ɗan shige ciki, har ta tsuke a ƙololuwa, sa'annan a lulluɓe ta da tamfol saboda ruwa da raɓa.

Mahaifina a kan irin wannan dala ya fara neman abincinsa. Ya zo garin yana saurayi, ba shi da komai sai allonsa da riga ɗaya, ya shiga cikin 'yan dako. Ya sha gaya mini cewa hawa dala da buhu a ka aiki ne mai karya ƙashi, domin buhunan da aka jera su ne matakala, kuma suna santsi idan rana ta sa gumi ya jiƙe tafin ƙafa. Amma a cewarsa ba a wajen hawa aka fi jin ciwo ba, sai a ranar da taragu suka iso aka ce a sauke dala, saboda mai hawa yana ganin inda zai sa ƙafarsa, mai saukowa da kaya a ka kuwa sai dai ya laluba da yatsun ƙafa. A lokacin ina jin wannan magana ne a matsayin labarin aiki kawai, kuma na tabbata shi ma a haka yake faɗinta.

Abin da ya fitar da shi daga dako shi ne rubutun ajami da riƙon amana. Wani mai sayen gyaɗa ya lura cewa wannan yaro yana iya rubuta lissafin buhuna ba tare da kuskure ba, sai ya zaunar da shi a gefen sikeli. Daga nan ya samu shiga wajen wani babban attajiri na Kano mai lasisin sayen gyaɗa, ya zama wakilinsa a yankinmu. Tsarin cinikin kuwa a wancan zamani kamar igiya yake, kowa yana riƙe da na ƙasa da shi. Hukumar cinikin amfanin gona ta Arewa ita ke yanke farashi kafin a buɗe kasuwa, ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa zuwa ƙasashen waje. Attajirai masu lasisi su ke saya mata, su kuma su ba wakilansu kuɗi tun kafin kaka, wakilai su rarraba wa yaransu na ƙauyuka, wani kason kuma ya tafi hannun manoma da damina a matsayin falle, wato bashin da manomi zai biya da amfanin gonarsa idan ya girbe. Muddin ruwa ya sauka gyaɗa ta yi, kowa a kan igiyar nan yakan samu rabonsa. Ta haka Baba ya yi rufin kwano, ya sayi keke Raleigh, daga baya ya sayi babbar mota guda ɗaya, har Allah ya kira shi Makka.

Akwai abin da ban fahimta ba game da dala sai da na girma. Mu yara muna ɗaukar tsawonta alamar arziki ce zalla, kuma ba ƙarya ba ne, domin tun da layin dogo ya iso Kano a 1911 aka buɗe cinikin gyaɗa a shekarar da ta biyo, har zuwa zamanin su Alhaji Alhassan Ɗantata wanda ake danganta fara jera dala da shi, gyaɗa ce ta riƙe tattalin arzikin Arewa, kuma a shekarun 1960 Nijeriya tana kan gaba cikin ƙasashen da ke fitar da ita. Sai dai dala ma'ajiya ce ta kayan da ke jiran jirgi. Taragun reluwe ba sa iya kwashe amfanin shekara zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas a kan lokaci, shi ya sa ake tara shi a fili. Ba a taɓa jera dala don ta dawwama ba, kowace an gina ta ne da niyyar a sauke ta. Abin da ya sa ba mu lura ba shi ne, kafin a gama sauke ta bara, ta bana ta riga ta tashi a gefenta.

A watan Janairu na 1973 aka sauya kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, kuma na tuna Baba yana dariya yana cewa an ninka masa dukiya a dare ɗaya. Daminar wannan shekarar ce ta zo da fari. Ruwa ya makara, da ya zo kuma ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye, gyaɗa ta yi harawa ba 'ya'ya. Muka riƙa ganin Buzaye da Fulani suna gangarowa daga Nijar da 'yan ragowar dabbobinsu, wasu ma ba su da ko akuya. Manoman da suka karɓi falle suka zo ƙofar gidanmu, ba don su biya ba, sai don su nemi abin da za su kai wa iyali. Baba ya buɗe rumbu ya auna musu, ya ce a bar maganar bashi sai baɗi. Ina da shekara 13 a lokacin, kuma ni ne nake riƙe masa kwanon awo.

Shekarar 1974 ta ɗan yi sauƙi, har ya fara ganin kamar zai mayar da abin da ya rasa. Wannan fata ce ta sa a 1975 ya karɓi kuɗi masu yawa fiye da yadda ya saba, ya rarraba iri da falle a ƙauyuka da dama, yana cewa kaka ɗaya mai kyau ta isa ta share bashin shekara biyu. Ban taɓa ganin laifinsa a kan wannan shawara ba, domin ruwa ya sauka, shuka ta fito kore shar, duk wanda ya ratsa gonaki a farkon damina zai yi irin lissafin da ya yi. Sai darɓa ta sauka a kan gyaɗa, ta yaɗa cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa. Na bi shi wata gona a bayan gari, na ga ganyen ya ƙanƙance ya yi rawaya, kowane tushe ya dunƙule kamar hannun da aka damƙe. Baba ya tsuguna ya tuge guda ɗaya, ya karkaɗe ƙasar, babu ko ƙwaya biyar a jikinsa. Ya tuge na biyu da na uku, sannan ya miƙe ya kakkaɓe hannunsa a riga, ya ce da mai gonar: "Malam, Allah ya mayar mana da alheri." Har muka iso gida bai ƙara cewa komai ba. Annobar ta ci dubban ɗaruruwan kadada a faɗin Arewa, kuma daga wannan shekara fitar da gyaɗa zuwa waje ya kusan tsayawa cak.

Karayar arziki ba a rana ɗaya take bayyana ba. Da farko aka sayar da motar aka tura kuɗin Kano, aka biya wani ɓangare na abin da ake bin sa. Daga baya aka sayar da shanu, sai gona ɗaya, sai wata. Abin da na fi lura da shi shi ne zaure. A da, bayan sallar isha'i, ana shimfiɗa tabarmi huɗu kuma ba sa isa, ana fito da akussan tuwo har shida. A hankali tabarmi suka koma biyu, sannan ɗaya. Ba wanda ya yi masa rashin mutunci a fili, ana dai gaishe shi da "Alhaji, barka da yamma," amma gaisuwar ta zama ta tsaye, mutum yana yi yana duban hanya. Na daɗe ina jin zafin waɗannan mutane a raina. Yanzu da na manyanta na gane cewa da yawansu kunya ce ta hana su zama, domin su ne ake bi bashin da ya kayar da shi, kuma babu abin da ya fi nauyi kamar cin tuwon mutumin da ka kasa biya.

A daidai wannan lokaci kuma wasu suna hawa. Kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta amince da ƙarin albashi na Udoji, aka biya ma'aikata har da bashin watannin baya a farkon 1975. Malaman makaranta da akawuna, waɗanda a da su ke zuwa neman rance wajen 'yan kasuwa kafin ƙarshen wata, suka fara sayen babura da rediyo. Matasa suka bar gona suka nufi birni aikin gine-gine. Shi kansa Gowon a ranar 29 ga Yuli na shekarar aka sauke shi yana wajen taro a Kampala, Janar Murtala Muhammad ya hau, muka ji a rediyon da ke zauren namu.

Cikin waɗanda Udoji ya ɗaga akwai Baffana, ƙanin Baba, malamin firamare, wanda Baba ne ya ɗauki nauyin karatunsa tun daga elemantare kuma shi ya yi masa aure. Wani dare bayan kaka, ina kwance a lungun zaure ana zaton na yi barci, sai Baffa ya yi sallama ya shigo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gefen tabarma kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ya ciro wata ambulan daga aljihu ya tura ta ƙarƙashin buzun da Baba ke zaune a kai.

"Yaya, ga wannan, a rage wani abu."

Baba ya ce: "Na ji an ce babur za ka saya."

"Babur ba zai gudu ba, Yaya. Ƙafar da ta kai ni makaranta shekara goma ba ta gaji ba."

Baba ya yi shiru mai tsawo, ina jin ƙarar carbinsa. Na san abin da ke masa nauyi, domin mutumin da hannunsa ya saba zama a sama ba ya iya juya shi cikin sauƙi, ko da a gaban ɗan'uwansa ne. Can sai ya ce: "To, na karɓa, amma a matsayin rance. Ɗauko mini littafin can." Baffa ya miƙo masa littafin lissafinsa mai baƙin bango, wanda sunayen manoman da ake bi suka cika shi. Baba ya buɗe shafin ƙarshe, ya matso da fitila, ya rubuta sunan kansa da ajami, ya rubuta adadin kuɗin a gabansa. Wannan ne karo na farko da sunansa ya shiga littafin a ɓangaren waɗanda ake bi. Baffa ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga, Baba kuwa ya sa masa albarka, ya tambaye shi lafiyar yara.

Sikelin ne kaɗai ya ƙi sayarwa. Ya sa aka shigo da shi daga rumfa, aka shafe shi da mai, aka lulluɓe da tsohon tamfol a ɗakin ajiya, yana cewa wata kaka za a neme shi. Da rani ya shigo, na bi ta filin tasha a hanyata ta zuwa kasuwa, na tarar an kwashe dala ta ƙarshe, babu kuma wata sabuwa a gefenta. Sai alamar gurbinta a ƙasa, murabba'i mai faɗi inda ciyawa ba ta fito ba, mata da yara suna tsintar ƙwayoyin da suka zube, awaki na biye da su.

Bayan kwana biyu Baba ya kira ni bayan sallar asuba, ya ce in haɗa kayana, jirgin ranar Laraba zai kai ni Kano wajen wani amininsa mai rumfa a Kantin Kwari. A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan ba da labarin wannan tafiya da kwanana na farko a birni.