Ashe Maƙera na je a Fotugal

Shekaranjiya na dawo, ko akwati ban gama kwancewa ba amma bari in ba ku labari. Kujeru muka je dubawa ni da Yaya a Paços de Ferreira, wani gari kusa da Porto wanda su kansu suke kira babban birnin kayan ɗaki, shago na bin shago, ko'ina ƙamshin katako da fenti. Kaya kam sun haɗu, amma wallahi kana juya yuro zuwa naira sai kanka ya sara, a nan na gane muna cutar kafintocinmu na gida da tayin wulaƙanci.

Sunan nan Ferreira ne ya tsaya min a rai, yana allon gari, yana jikin motocin kaya, har a rasit. Dattijon da muka yi ciniki da shi ya ja mu gidansa aka kawo bacalhau, busasshen kifin nan nasu mai gishiri, da dankali da man zaitun, ya hana mu ko taɓa aljihu. Na ce Baba wai me sunan nan yake nufi ne, jikarsa na fassara. Sai ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙarfen ƙofa ya ce ferro! Wai daga Latin ne, tsohon yaren Rumawa, ferrum ƙarfe, ferraria kuma wurin da ake haƙo ƙarfe ko ake ƙira, wuri ya fara ɗaukar sunan sannan mutanen wurin suka gada. Na ce Baba ai Maƙera ke nan, mu ma muna da unguwa guda mai sunan a Kaduna. Tsohon nan sai da ya maimaita kalmar sau uku yana murna, ƙ ɗin ce kawai ta gagare shi.

Mun leƙa Sifen ma. Can kuma sunan ya koma Herrera, f ta zama h wadda ba sa ma furtawa, ƙarfe hierro suke cewa. Wato Ander Herrera da muka yi ta kallo a Man U daga 2014 zuwa 2019 sunan maƙera yake ɗauke da shi.

Faransa kwana ɗaya muka yi, su Ferrières suke rubutawa. Italiya ba mu samu shiga ba, amma Ferrari ma tushen ɗaya ne, daga maƙeri.