Tabon gwangwanin tumatir ya fita daga katakona

Alhamdu lillahi, yau da safe na zuba ruwa a kan teburin kicin ɗina, ya tsaya ƙwaya-ƙwaya bai shige ba, baƙin zoben nan kuma babu shi.

Sati uku ke nan ina fama. Wani ya bar gwangwanin tumatir jiƙe a gefen wurin wanke-wanke ya kwana, gari ya waye da baƙin zobe a jikin teburin, katakon madacin nan da na sha wahalar gogewa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka datti ne, na sa sabulu da soso, ko gezau. Na zuba bilic, sai kewayen ya koɗe ya yi fari, zoben yana nan daram. Na ɗauko samfefa mai lamba 120 na yi ta dirza har wurin ya fara rami, in ka shafa da tafin hannu za ka ji shi. Nan na tsaya, don na ga ɓarna nake yi.

Ashe baƙin ya riga ya shige cikin katakon. Madaci yana da sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar majema, kuma in ya haɗu da ƙarfe da danshi sai ya rine. Maganinsa asid ɗin okzalik, shi ke narkar da ƙarfen. Lemon tsami ya ɗan rage shi kaɗan, amma bai kai ba. Na samo garin asid ɗin a wurin masu sayar da sinadarai, na jiƙa da ruwan ɗumi, na sa safar hannu, na shafa wa fuskar teburin gaba ɗaya don kada launi ya bambanta. Shafa biyu ya ɗauka. Guba ne fa, 'yan uwa, ku kawar da yara da abinci, ku ɗauraye katakon sau da yawa, kada ku goge shi da samfefa sai ya bushe sarai.

Ruwan ya tayar da gashin katakon, wato ya sa shi kaushi, na kwantar da shi da samfefa mai lamba 240.

Man shafa wa katakon kuwa, na daina sa man gyaɗa tun bara, daɗewa yake ya yi wari ya riƙa danƙo. Farafin na ruwa wanda ake saya a kemis nake sawa. Da hunturun nan katakon ƙishirwa yake ji, kwalba uku ya shanye, kuma kuɗinsu ya taɓa ni. Na shafa har ƙasansa, in ba haka ba iska ta busar da gefe ɗaya ya lanƙwashe. A ƙarshe na narka kakin zuma kashi 1 cikin mai kashi 4, na murza da tsumma.

Ramin da na yi da samfefa yana nan, ruwa na ɗan taruwa a ciki. Wanda ya taɓa daidaita irinsa ba tare da kai shi wurin kafinta ba, don Allah ya gaya mini yadda ya yi.