Kafin Ka Tura Kuɗin Fostar Psycho

Ƙannena masu sha'awar tara kayan tsofaffin finafinai, ku zo ku ji yadda gaggawa ta cinye mini kuɗi.

Fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock ya fito a Amurka a 1960, baƙi da fari. Babu aljani a ciki, babu dodo. Abin tsoron shi ne Norman Bates, wanda Anthony Perkins ya fito a matsayinsa: saurayi mai kunya da ladabi, yana kula da ɗan masauki a gefen hanya, alhali ƙwaƙwalwarsa ta daɗe da taɓuwa. Tun fim bai kai rabi ba aka kashe jarumar, Janet Leigh, tana wanka, kiɗan goge na Bernard Herrmann yana tsaga kunne. Don kada asiri ya tonu, Hitchcock ya hana a shiga sinima bayan an fara. Shi ya sa masu tarawa ke rububin duk takardar da ta ga wancan zamani.

Ni kuwa na ga fostarsa a intanet, mai sayarwa ya rantse ta asali ce, na tura kuɗi ko tambaya ban yi ba. Ta iso a naɗe, sumul, tana sheƙi. Wani da ya girme ni a harkar ya duba, ya yi dariya. Ashe fostocin Amurka na lokacin a ninke ake aika su gidajen sinima, don haka layin ninki shaida ne, ba aibi ba. Girmansu inci 27 da 41. A ƙasa akwai lambar National Screen Service, kamfanin da ke rarraba fostocin a lokacin, lambar tana farawa da shekarar fim, wanda aka sake nunawa kuma a sa masa R a gaban shekara. Tawa ba ta da ko ɗaya. Ku nemi hoton ƙasan fosta da bayanta, da awonta, kafin ku taɓa aljihu.

Wauta ta biyu ta fi zafi, don kayan na gaske ne. Na samu kati ɗaya daga cikin takwas da ake jerawa a harabar sinima, inci 11 da 14, sai na manna shi a bango da salatef, daidai taga. Rana ta sha launin, damina ta lanƙwasa shi, salatef ya bar tabo a kusurwa huɗu. Yanzu yana kwance cikin leda a akwati, in baƙo ya tambaya sai na yi jim kafin na fito da shi.